Karɓa-karɓa a tsakiyar teku: yadda Komoros ta raba mulki tsakanin tsibiranta

Duk mai bibiyar siyasar Najeriya ya san kalmar karɓa-karɓa. Yarjejeniya ce ta cikin jam'iyyu, yau Arewa gobe Kudu, kuma babu inda aka rubuta ta a tsarin mulkin ƙasa. Shi ya sa da Allah ya yi wa Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa rasuwa a 2010 aka yi ta kai ruwa rana a kan ko zangon Arewa ya ƙare ko da saura. To akwai wata 'yar ƙasa a Tekun Indiya da ta ɗauki wannan dabara ta zuba ta cikin kundin tsarin mulkinta, ta yi mata ranaku da ƙa'idoji, ta kuma naɗa kotun da za ta tsare ta. Sunanta Komoros. Ta shafe fiye da shekara ashirin tana gwajin, saboda haka yanzu ana iya duba abin da dabarar ta gyara da abin da ta kasa.

Tsibirai huɗu ne a jere cikin mashigin ruwan da ya raba gaɓar Mozambik da Madagaska. Larabawa matuƙa jiragen ruwa ne suka raɗa musu suna Juzurul Ƙamar, wato tsibiran wata. Mafi girma ita ce Ngazija, inda babban birnin ƙasar, Moroni, yake a gindin dutsen Kartala mai aman wuta. Sai Anjuwan, wadda mutanenta ke kira Nzuwani, ƙasar tuddai da kanumfari da cunkoson jama'a. Sai Mwali, autarsu. Ta huɗun ita ce Mayot, wadda har gobe tana hannun Faransa, ko da yake tutar Komoros na ɗauke da taurari huɗu, kuma tsarin mulkinta na lissafa ta cikin gida. Kusan kowa a tsibiran Musulmi ne, mabiya mazhabar Shafi'iyya, harshensu Shikomori, ɗan'uwan Suwahili, sai Larabci da Faransanci a hukumance.

Ƙidayar 2017 ta nuna mutanen tsibirai ukun da ke ƙarƙashin Moroni sun kai kimanin 758,000. Ƙananan hukumomi biyu na cikin birnin Kano, in aka haɗa su, sun fi su yawa. Rabinsu suna Ngazija, fiye da kashi 40 cikin ɗari suna Anjuwan, Mwali kuwa mutum dubu hamsin da 'yan kai ne. A wannan lissafi ne matsalar take. In aka ce a je zaɓe kowa ya jefa ƙuri'arsa, mai rinjaye ya ɗauka, ɗan Mwali zai tsufa ya mutu bai ga nasa a kan kujera ba. Ɗan Anjuwan ma sai ya yi da gaske.

Addini ɗaya, harshe kusan ɗaya, amma tsibiran ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba kafin zuwan Turawa. Anjuwan na da sarkinta, Mwali na da nata, Ngazija kuwa sarakuna ne barkatai suna faɗa da juna. Faransa ta fara shiga ta Mayot a 1841, lokacin da Sarki Andriyantsoli ya sallama mata tsibirin. Sauran ukun sai a 1886 suka shiga hannunta, aka maƙala su duka da Madagaska a 1912, aka sake ware su a 1946. Duk tsawon wannan lokaci hedikwatar mulki tana Mayot, a garin Zawuzi. A 1958 majalisar yankin ta yanke shawarar mayar da ita Moroni, ayyukan gwamnati da albashi suka bi ta, mazaje suka bi ayyukan.

Matan Mayot ba su yafe wannan ba. A shekarun 1960 suka kafa wata ƙungiya da ta yi suna da salon gwagwarmayar da ba kasafai ake jin irinsa ba: cakulkuli. Idan wani jami'i daga sauran tsibiran ya sauka, sai su yi masa zobe su dinga yi masa cakulkuli har ya zube ƙasa ya rasa ta cewa, ya koma inda ya fito a kunyace. Dabarar ita ce babu dokar da ta hana cakulkuli, alhali duka laifi ne. Zena Mdere na cikin jagororinsu. Abin dariya ne a ji, amma saƙon ba na wasa ba ne: gara mulkin Faransa mai nisa da mulkin maƙwabci na kusa.

Ranar 22 ga Disamba 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan 'yancin kai. A jimlace kusan kashi 95 cikin ɗari suka ce a ba su ƙasarsu, amma a Mayot kimanin kashi 63 suka ce a'a. Faransa ta ce za ta ƙirga tsibiri-tsibiri. Shugaban gwamnatin tsibiran, Ahmed Abdallah, bai jira ba, ya shelanta 'yancin kai ranar 6 ga Yuli 1975. Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Komoros a watan Nuwamba na shekarar a matsayin ƙasa mai tsibirai huɗu, sai dai da batun ya je Kwamitin Tsaro a Fabrairun 1976, Faransa ta hau kujerar na-ƙi. A watan ne kuma mutanen Mayot suka sake kaɗa ƙuri'a, kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi zama da Faransa.

Sabuwar ƙasar ta buɗe ido ke nan da darasi mai haɗari a ƙofar gidanta: ashe tsibiri na iya kama gabansa, kuma ya fi 'yan'uwansa ƙoshi.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani, don kusan labari ɗaya ne ake maimaitawa. Abdallah bai cika wata guda ba aka kifar da shi. Ali Soilih, wanda ya karɓi ragama a farkon 1976, ya zo da aƙidar juyin juya hali: ya yi yaƙi da al'adun gargajiya, ya ƙone takardun gwamnati na zamanin mulkin mallaka, ya sakar wa matasa iko a tituna. A 1978 sojan haya ɗan Faransa, Bob Denard, wanda shi ne ya taimaki ɓangaren Soilih tun farko, ya dawo ya kifar da shi, aka kashe Soilih, aka maido da Abdallah. Wannan Denard ɗin shi ne ya kai farmakin da bai yi nasara ba a Kwatano a 1977. A Komoros ya ce ya musulunta, ya yi aure, ya riƙe rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa fiye da shekara goma da tallafin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. An kashe Abdallah a fadarsa a Nuwamban 1989 Denard na wurin. A 1995 ya sake dawowa ya tsare Shugaba Said Mohamed Djohar, sai da sojojin Faransa suka zo suka tafi da Denard ɗin. Ana lissafa juyin mulki da yunƙurinsa fiye da ashirin tun samun 'yancin kai.

A 1997 tura ta kai bango. Anjuwan ta ce ta ɓalle, Mwali ta bi sahu. Koke-kokensu sanannu ne ga duk wanda ya taɓa zama nesa da babban birni: kuɗin kwastan, guraben aiki, tallafin ƙasashen waje, duk a Moroni suke tsayawa. Abin da ya girgiza Afirka shi ne a Anjuwan an ɗaga tutar Faransa ana roƙon ta dawo ta karɓi tsibirin. Faransa ta ƙi. Sojojin da Shugaba Mohamed Taki ya tura don murƙushe tawayen suka sha kashi. Taki ya rasu a 1998 yana kan mulki. Da wakilan Anjuwan suka ƙi sa hannu a sulhun da aka shirya a Antananaribo cikin Afrilun 1999, fushi ya koma kan 'yan Anjuwan mazauna Moroni, sai hafsan sojoji Kanar Azali Assoumani ya karɓi mulki ranar 30 ga watan. A riƙe wannan suna, domin da shi labarin ya fara, kuma har yanzu bai fita daga cikinsa ba.

An cimma sulhu a Fomboni, babban garin Mwali, a Fabrairun 2001, da sa bakin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. A Disamban shekarar jama'a suka amince da sabon tsarin mulki, ƙasar ta koma Tarayyar Komoros. Ga yadda aka tsara abin.

Shugabancin tarayya zai dinga zagayawa tsakanin tsibiran, kowanne shekara huɗu. In zagaye ya zo kan tsibiri, 'ya'yansa kaɗai ne za su tsaya takara. Za a fara da zaɓen share fage wanda mutanen wannan tsibirin kawai za su yi, a ɗauki mutum uku da suka fi samun ƙuri'a. Waɗannan ukun ne za a kai gaban ƙasa baki ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a a cikinsu ya zama shugaba. Mataimakansa kuma daga sauran tsibiran za su fito.

A ganina nan ne hikimar tsarin take, kuma nan ne ya fi karɓa-karɓar jam'iyyu da muka saba da ita. A tamu, manyan jam'iyya ne ke zama su zaɓo wanda suke so daga yankin da aka ce zagayensa ne, ko da mutanen yankin ba shi suke so ba. A Komoros ƙofa biyu ce. Wanda gida bai yarda da shi ba ba zai ƙetare ta farko ba, ko da duk kuɗin Moroni na bayansa. Wanda kuma ya gina siyasarsa kan zagin sauran tsibirai zai iya cin ta farko, amma zai faɗi a ta biyu, tunda ƙuri'un waɗanda ya zaga ne za su raba gardama. Tsarin na tilasta wa ɗan takara ya zama ɗan gida kuma ɗan ƙasa a lokaci guda.

Sai dai an biya farashi. Don a lallashi masu son ɓallewa, an ba kowane tsibiri shugaban ƙasarsa, da tsarin mulkinsa, da majalisarsa, da ministocinsa. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba ta wayi gari da shugabanni huɗu, majalisu huɗu, gwamnatoci huɗu, kowacce da motocinta da ofisoshinta da masu jiran albashi. Kaso mai tsoka na kasafin kuɗi ya dinga tafiya wajen ciyar da masu mulki da shirya zaɓuɓɓuka, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti kuwa sukan yi watanni ba a biya su ba. Ga shi ba a fayyace iyakar ikon kowa da kyau ba. An bar wa tarayya harkokin waje, tsaro, kuɗin ƙasa da shaidar zama ɗan ƙasa, amma wa zai karɓi kuɗin kwastan a tashar jirgin ruwa? Wa ke ba jandarmomi umarni? A Ngazija abin ya fi muni, don shugaban tarayya Azali da shugaban tsibirin, Abdou Soule Elbak, a gari ɗaya suke zaune, kowa na ganin shi ne mai gida. Sai da aka sake wani zaman sulhu a Moroni a ƙarshen 2003 kafin a iya zaɓen majalisa.

Duk da haka keken ya juya. Azali ya ci zagayen Ngazija a 2002. A 2006 ya sauka ya miƙa wa Ahmed Abdallah Sambi na Anjuwan, malamin addini kuma ɗan kasuwa, wanda ake wa laƙabi da Ayatullahi saboda karatun da ya yi a Iran. Wannan ne karo na farko da aka miƙa mulki lami lafiya a tarihin ƙasar.

Jarrabawa ta farko daga Anjuwan ɗin ta zo, kuma abin mamaki a lokacin da ɗanta ke kan kujerar tarayya. Shugaban tsibirin, Kanar Mohamed Bacar, ya ƙi sauka da wa'adinsa ya ƙare a 2007, ya buga takardun ƙuri'arsa da kansa, ya ce ya ci zaɓe da kashi 90 cikin ɗari. Tarayyar Afirka ta sa masa takunkumi, bai ji ba. A Maris 2008 sojojin Komoros tare da na Tanzaniya da Sudan suka dira tsibirin ta ruwa, cikin kwana guda aka gama. Bacar ya tsere Mayot a kwalekwale, daga baya ya ƙare a gudun hijira a Jamhuriyar Benin.

Sambi ya yi amfani da wannan nasara ya rage wa tsibiran fiffike. Ƙuri'ar raba gardama ta Mayun 2009 ta mayar da shugabannin tsibirai gwamnoni, ministocinsu kwamishinoni, aka rage ƙarfin majalisunsu. Da wuya a sami mai hankalin da zai yi kukan wannan gyara, don ɗawainiyar ta yi wa ƙasar yawa. Amma a cikin ƙunshin an cusa ƙarin wa'adin shugaba daga shekara huɗu zuwa biyar, kuma Sambi ya ce ƙarin ya shafe shi. Mutanen Mwali, waɗanda ke ƙirga kwanakin zagayensu na 2010, suka fito zanga-zanga. Aka yi ta ja-in-ja har aka yi zaɓe a ƙarshen 2010, Ikililou Dhoinine, masanin haɗa magunguna kuma mataimakin Sambi, ya hau kujera a Mayun 2011. Tsibiri mai mutum dubu hamsin ya samar da shugaban ƙasa. Ba don tsarin ba, da wannan sai a mafarki.

A 2016 zagaye ya dawo Ngazija. Sambi ya nemi tsayawa, Kotun Tsarin Mulki ta ce masa ba lokacin tsibirinsa ba ne, ya haƙura. Ya mara wa Azali baya a zagayen ƙarshe, Azali ya yi nasara da ƙyar bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna na Anjuwan. Sau uku ke nan a jere ana miƙa mulki ba harbi, a ƙasar da a da sai a kwana da shugaba a tashi da wani.

Daga nan ne aka fara warware saƙar. A Afrilun 2018 Azali ya dakatar da Kotun Tsarin Mulki, ya miƙa aikinta ga Kotun Ƙoli. Ranar 30 ga Yuli aka yi ƙuri'ar raba gardama wadda 'yan adawa suka ƙaurace wa, aka sanar da cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari sun amince. Sabon tsarin bai soke karɓa-karɓa ba, kuma a nan wayon yake. Ya ce har yanzu mulki zai zagaya, amma shugaba na iya yin wa'adi biyu na shekara biyar-biyar kafin a matsa gaba. An soke kujerun mataimakan shugaban ƙasa, waɗanda su ne idon sauran tsibiran a fada. An soke zaɓen share fage na cikin tsibiri, aka koma zaɓen ƙasa baki ɗaya mai zagaye biyu. An rufe Kotun Tsarin Mulki ɗungurungum. Sannan aka ce tunda sabon tsari ne, lissafi zai fara daga farko: Azali ya kira zaɓe a Maris 2019, ya lashe, shekarun da ya riga ya yi tun 2016 suka zama kamar ba a yi ba.

Magoya bayansa na da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa shugaban da ya san wa'adi ɗaya gare shi, kuma ba zai sake neman ƙuri'ar kowa ba, ba shi da dalilin tsoron jama'a. Zai ɗauki shekarunsa a matsayin rabon tsibirinsa, ya cika ofisoshi da 'yan garinsu, ya bar wa na baya bashi. Babu aikin raya ƙasa da ke kammaluwa, don kowane sabon shugaba da nasa mutanen da nasa tsarin. Suna kuma cewa karɓa-karɓa tana koya wa yaro ya ɗauki kansa ɗan tsibiri kafin ɗan ƙasa. Akwai gaskiya a duk waɗannan.

Amma a duba lissafin ta idon ɗan Anjuwan. Zagayensa na 2021 ne, ya koma 2029. Ɗan Mwali kuwa, wanda nasa ya sauka a 2016 yana sa ran dawowa a 2026, in Anjuwan ta yi wa'adinta biyu sai 2039. Abin da ya sa masu ɗauke da bindiga suka ajiye ta a 2001 ba wai sun gamsu cewa tsarin zai kawo wutar lantarki ko hanyoyi ba ne. Sun ajiye ne don an ba su rana, kuma sun ga ranar tana zuwa. In mai riƙe da kujera zai iya matsar da ranar da hannunsa, bayan ya kawar da kotun da za ta ce masa a'a, to takardar ta koma daidai da alkawarin baka. A Oktoban 2018 an yi kwanaki ana musayar wuta a lungunan tsohon garin Mutsamudu, babban birnin Anjuwan, aka kama gwamnan tsibirin daga baya aka ɗaure shi.

Sambi ma bai tsira ba. An yi masa ɗaurin talala tun 2018, a Nuwamban 2022 wata kotun tsaron ƙasa ta yanke masa ɗaurin rai da rai bisa laifin cin amanar ƙasa. Tushen shari'ar shi ne shirin sayar da fasfo da aka kafa dokarsa a 2008, inda aka ba dubban mutanen da ake kira Bidun, mazauna ƙasashen yankin Gulf marasa takardar zama 'yan ƙasa, fasfon Komoros a kan kuɗi, alhali yawancinsu ba su taɓa taka tsibiran ba. Gwamnati ta ce an wawure kuɗin, shi da lauyoyinsa suka ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne.

A yau dai fasalin gwamnatin haka yake: shugaban ƙasa shi ne shugaban gwamnati, babu firaminista, babu mataimaki. Majalisar dokoki guda ce mai kujeru 33. A da ana zaɓen 24 kai tsaye, majalisun tsibirai su turo tara, uku-uku, wanda shi ma wata hanya ce ta daidaita ƙaramin tsibiri da babba. Yanzu duka zaɓensu ake yi, kuma a zaɓen 2025 jam'iyyar Azali, CRC, ta kwashe mafi yawan kujerun. Kowane tsibiri na zaɓen gwamnansa, amma kuɗi da jami'an tsaro suna hannun Moroni.

Wanda ya tsaya a kan wannan fasali na takarda kuwa bai ga rabin mulkin ba. A ƙauyukan Ngazija musamman, akwai wata gwamnatin da ta girmi ta Faransa ta kuma girmi ta Moroni. Ana kiran tsarin anda, ko babban aure. Namiji, komai ilminsa ko muƙaminsa, yana nan a sahun yara har sai ya yi wannan biki, wanda ake shafe kwanaki ana yi, ana yanka shanu, ana ciyar da gari, ana kai wa amarya zinariya. Mutum kan yi shekaru yana tara kuɗinsa, wani sai furfura ta fito. Da zarar ya yi, ya zama cikakken mutum: ya samu wurin zama a sahun gaba a masallaci, ya samu izinin magana a dandalin gari, inda ake yanke hukuncin rikicin fili, da tarar mai laifi, da aikin gayya. Hukunci mafi tsanani shi ne a ƙaurace wa mutum, ba mai zuwa bikinsa ba mai zuwa makokinsa. Ɗan siyasar da bai yi anda ba yana shan wuyar samun kunnen dattawa. Soilih ya yi ƙoƙarin kashe al'adar da ƙarfin gwamnati, shi ya tafi ita tana nan.

Gida kuwa na mace ne. Uba ke gina wa 'yarsa, miji ya tare a wurinta, kuma akwai filayen da ake gadonsu ta wajen uwa kaɗai. Wannan na tafiya kafaɗa da kafaɗa da kotunan alƙalai masu hukunci kan aure da saki da gado bisa fiƙihun Shafi'iyya, da kuma kotunan zamani masu bin tsarin dokokin Faransa. Doka uku ke nan a kan mutum ɗaya, kuma sau da yawa ta dandalin gari ce ke fara aiki.

Kuɗin da ke riƙe wannan gwamnati ta ƙauye daga waje yake zuwa. 'Yan Komoros mazauna Faransa suna da yawan da har ake wa birnin Marsai kirari da tsibiri na biyar. Su ke aiko da kuɗin biki, su ke haɗa na gina makaranta da ɗakin shan magani da shimfiɗa hanyar garinsu, ba tare da jiran ministan kowa ba. Abin da ƙasar ke sayarwa waje bai wuce kanumfari da banila da man furen ilan-ilan na turare ba, shinkafar da ake ci kuwa shigo da ita ake yi. Kuɗin ƙasar, faran na Komoros, a ɗaure yake da yuro, kusan 492 a kan yuro ɗaya, da lamunin baitulmalin Faransa. Mutanen Nijar ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan, irin igiyar da ke wuyan sefa ce.

Mayot kuma tana nan kilomita 70 kacal daga Anjuwan. A 2009 mutanenta suka zaɓi zama cikakken yanki na Faransa, a 2011 ta zama gunduma ta 101. Ita ce mafi talauci a duk gundumomin Faransa, amma a idon maƙwabta aljanna ce: akwai albashi da yuro, akwai asibiti. Tun 1995 Faransa ta wajabta biza a kan 'yan sauran tsibiran, mutanen da kakanninsu ke kai da komo tsakanin dangi ba tare da tambayar kowa ba. Sai aka koma ƙetarawa da dare cikin ƙananan kwalekwalen da ake kira kwasa-kwasa. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa mutum 7,000 zuwa 10,000 ne suka halaka a wannan ruwa tun da aka sa bizar. Duk shekara shugabannin Komoros na tuna wa duniya cewa Mayot tasu ce, a 2023 ma sun hana jirgin da ya kwaso waɗanda Faransa ta koro tsayawa a tashar Mutsamudu na wani ɗan lokaci, amma tallafin Faransa ba abin da gwamnatin Moroni za ta iya juya wa baya ba ne.

Azali ya shugabanci Tarayyar Afirka a 2023. A Janairun 2024 aka ce ya sake cin zaɓe. Hukumar zaɓe ta fara sanar da cewa kashi 16 cikin ɗari ne kawai suka fito, daga baya Kotun Ƙoli ta ce a'a, sun haura kashi 56. Matasa suka ƙona tayoyi a Moroni, aka sa dokar hana fita da dare. A shekarar ne Azali ya naɗa ɗansa, Nour El Fath, babban sakataren gwamnati, ya kuma ba shi ikon sa ido kan ayyukan ministoci. A Satumba wani matashin soja ya kai wa shugaban hari da wuƙa a wurin jana'iza, ya ji rauni amma ya tashi.

Wa'adinsa na biyu a sabon lissafi zai ƙare a 2029, kuma bisa tsarin mulkin da shi da kansa ya kawo, zagayen Anjuwan ne. Shi da ɗansa kuwa 'yan Ngazija ne.